Surukina Na Cikin Masu Yi Mini Tambaya

"Ba za ka kira shi ba, Ibrah."

"Ubana ne hwa."

"Shi ya sa na ce kar ka kira shi."

Yana zaune bisa moto, babur ɗinsa, a ƙofar gidanmu, akwatin allurar shanu ɗaure a baya, rigarsa tana warin garke. Daga rigakafi ya taso, ko gida bai je ba.

"Minti biyu kawai. In ce, Baba, yarinyar da za ku yi wa tambayoyi ran Talata Nasiba ce. Mi ya yi zahi a nan?"

"Sai ya ba ni gurbin don kunya. Gobe duk Filingue ta ce da zanen aure na shiga mastar."

"Wa zai ce?"

"Ni zan ce. Kullum na ɗauko takardar."

Ya daɗe yana dubana. "Girman kan nan naki, Nasiba, wata rana sai ya kada ke."

"Shekara ashirin da biyar yana ɗauke da ni bai kada ni ba."

Ya tada moto ya tafi ko sallama babu. Ban bi shi da ido ba. To, na bi shi kaɗan, har ya sha kwanar masallaci.

Ku da kuka shigo labarin nan yau, bari in warware muku.

Nasiba sunan gida ne. A takardun lakwal, wato makaranta, Hafsatou Ali nake. Hafsatu sunan kakata ne, uwar Baba, Inna kuwa ba ta faɗin sunan uwar mijinta, don haka tun ina zanen goyo ta laƙaba mini Nasiba, ya bi ni. Haka muke a Kurfey, ƙasarmu ta Filingue. Suruki ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa. Balle a ce masa ya yi kuskure.

Na yi digirin lisans a aikin gona a Yamai, na dawo gida ina bin Baba gona. Bana wata cibiyar bincike ta buɗe gurbin mastar guda biyu, da burs, wato tallafin karatu. Na aika dosiye, wato takarduna. Cikin mutum sama da ɗari aka ware goma sha biyu da za a yi wa tambayoyi ta bidiyo. Waɗanda suka tsallake a kira su Yamai, gaba da gaba. Ina cikin sha biyun. Minti biyar na yi ina murna, sai idona ya gangara ƙasan takardar kiran, inda aka jera malamai uku masu tambaya.

Na ukun wan mahaifin Ibrah ne. Shi ya riƙe Ibrah tun rasuwar ubansa a Bonkoukou, shi ya kai shi lakwal, shi kuma ya jagoranci dattawan da suka kawo goron neman aurena bayan ƙaramar Sallah. An sa biki bayan kaka. Ranar goron na kai musu ruwa zaure, mayafi har hanci, na durƙusa daga bakin ƙofa. Takalmansa kawai na gani, baƙaƙe, a gefen tabarma. Shi ma hannuwana kawai ya gani. Bai san fuskata ba, bai san Nasiba ita ce Hafsatou Ali ba. Tun ranar sunansa bai sake fita bakina ba. Baba na Yamai nake cewa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi.

Baba na Yamai yana da ɗan littafi da ake rarraba wa manoma. A ciki ya ce a zuba takin zamani cikin murfin kwalba ɗaya a kowane rami, tare da irin gero, ranar shuka. Aikin da na aika cikin dosiyena cewa yake yi wannan hanyar tana kashe iri a rairayinmu. Damina uku na yi a gonar Baba ina gwadawa. Rami ɗari shida na ƙidaya da hannuna, rana na dukan ƙeyata.

Wato ran Talata sai in dubi surukina cikin ido, in kira sunansa, in ce masa bai yi daidai ba. Abubuwa uku da aka haife ni a kan kada in yi.

Inna tana tankaɗe na faɗa mata. Ta ajiye rariya.

"Ki aika musu ba ki da lahiya."

"Lahiyata lau, Inna."

"Za ki rasa ta kuwa. Shekara talatin ina gidan ga, sunan kakarki bai taɓa fita bakina ba, tana da rai, ta mutu, har yau. Ke tun ba a ɗaura ba za ki ware baki a kan uban miji? Mutanen Bonkoukou su ce wace irin ɗiya anka ba su?"

"Su ce an ba su wadda ta san gero."

"Ji min yarinya! Malam, kana jin ɗiyarka?"

Baba yana gindin darbejiya yana sa wa hauya sabuwar ƙota. Mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika ludayi. Bai ɗago ba.

"Ramukan da kinka ƙidaya, akwai ƙarya ciki?"

"Babu, Baba."

"To."

Ya ci gaba da dukan ƙotarsa. Inna ta ɗauki rariyarta da ƙarfi har gari ya tashi.

Kwana biyar suka rage. Safiya na nemo, ƙawata tun aji ɗaya, yanzu tana koyar da Faransanci a kolej. Ta zo da gilashin mijinta ta maƙala a karan hanci, ta hau kujera ta harɗe ƙafa, wai ita ce shugabar masu tambaya.

"Madmazel, gabatar da kanki."

Na fara.

"Tsaya. Mi kinka ajiye a ƙasa kike dubawa, zinariya? Ɗago. Ba fuskarsu za ki duba ba, wannan ɗan baƙin idon na saman waya. Nan suke."

Na ɗago. Na sake farawa.

"Don mi za mu ɗauke ki, mu bar sauran?"

"In Allah ya yarda zan yi ƙoƙari..."

"Allah ya san ƙoƙarinki, su ne ba su sani ba. Faɗa musu."

Abin da wuya, ku yarda da ni. Mu an koya mana in an yabe ka ka ce ba komai. Yanzu ga ni ana cewa in yabi kaina da bakina, minti biyu, ba daɗi ba ragi. Sau tara muka maimaita. A na taran na ji muryata tana cewa ni ce na fi kowa sanin wannan rairayin don a cikinsa na koyi tafiya, kuma ban ji kunya ba. Safiya ta zare gilashi.

"Yanzu kin fara kama da mutum. Saura sunan. Wa ya rubuta littafin da kike ƙaryatawa?"

"Marubucin..."

"Wane marubuci?"

"Wani babban malami..."

"Ba shi da suna? Iyayensa ba su yanka rago ba?"

Na buɗe baki. Na rufe shi. Safiya ta kama hannuna ta ja ni gaban akuyar Inna.

"Faɗa wa wannan. Ba ta da dangi a Bonkoukou."

Akuya ta dube ni tana tuƙa. Na kasa. Safiya ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ni ban yi ba.

Sai neman rezo, wato sabis ɗin waya. A ɗakina sanda ɗaya ce, ita ma tana zuwa tana tafiya. Na yi yini ina zagaya gida da waya a sama kamar mai neman wata ran jajibir. A bayan gida na samu, dab da rumbu, sanda uku tsayayyu. Na kife turmi, na jera tsoffin kayena, littattafan rubutuna, a kai, na jingina waya da gwangwanin madara cike da yashi. Safiya ta ce haske ya zo ta gabana, ba ta baya ba, in ba haka ba aljana za su gani. Ta rataya farin zanen gado a jikin rumbu, wai ya yi kama da ofis.

Na tsaya ina kallon zanen. Na cire shi.

"Ke, za su ga rumbu!"

"Su gani. Gero na ce musu zan karanta."

Ran Litinin da la'asar saƙon Ibrah ya shigo. Kwana huɗu ba mu yi magana ba.

"Ban kira shi ba. Kar ki ce ban ji maganarki ba."

"Na gode."

"Shi ke nan? Na gode kawai?"

"Na gode ƙwarai."

"Allah ya shirye ki. Kin caja batir? Wutar lantarki ba ta da alkawari."

"Na caja har na Safiya."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe:

"Ki tausaya wa tsoho gobe. Ni kaɗai na san abin da ya yi mini."

Na rubuta amsa uku na goge. Na aika masa: "Ba zan yi masa rashin kunya ba. Ba zan yi masa ƙarya ba." Ya karanta. 

Talata da safe na fito wanka na tarar da atamfata shuɗiya mai ganye, ɗinkin Sallah, a shimfiɗe bisa gado da farin mayafi, an goge su da dutsen gawayi har suna ɗumi. Inna ce. Kwana biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Daga baya na ji ta bi maƙwabta gida gida ta roƙe su kada a yi daka tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya. Akuya ma an kai ta gidan Gwaggo Hawa. Unguwarmu ba ta taɓa yin shiru irin na ranar ba.

Ƙarfe goma daidai waya ta haska. Fuska uku. Wata Madam mai furfura a tsakiya, wani matashin malami a dama. A hagu, shi.

Goshin Ibrah. Kunnuwan Ibrah. Har yadda yake karkata kai in yana saurare.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka zame daga takalmi ba. Su kaɗai suka yi abinsu a ƙasan turmi, inda ba mai gani. Na bar su. Daga ƙugu zuwa ƙasa suruka ce, daga ƙugu zuwa sama Hafsatou Ali.

Da Faransanci aka yi, ni zan ba ku da Hausa. Madam ta ce in gabatar da kaina, na yi, minti biyu. Matashin ya tambayi yadda na raba gonar da yadda na auna ruwan sama. Na nuna masa kayena, ranaku a jere. Sau ɗaya hoto ya daskare, Madam baki buɗe. Na yi abin da Safiya ta ce, na zauna ban taɓa komai ba. Ya dawo.

Sai ya gyara murya.

"Madmazel Ali. Aikinki ya ce hanyar da ake koya wa manoma tana kashe iri. Hanyar wa?"

Ya sani sarai. So yake ya ga ko zan iya.

Na dubi ɗan baƙin idon wayar. Na tuna Inna. Na tuna rami na ɗari huɗu da wani abu, ranar da na tona na tarar da ƙwayar gero ta yi baƙi ta shanye, Baba a tsaye kaina yana kallo, don irin da ya ɓoye tun bara ne.

"Hanyar Dokta Hamani Zaidu. Shafi na goma sha huɗu."

Ga shi na rubuta muku. Sau ɗaya na faɗa, sau ɗaya zan rubuta.

A bayan zana wani abu ya faɗi ya gangara. Ƙwaryar Inna ce, na san ƙararta.

"Ni ne shi," ya ce.

"Na sani, Dokta."

"A tashoshin gwaji huɗu aka jarraba wannan hanyar. Ke a gona ɗaya."

"A tasha sai ruwa ya jiƙa ƙasa ake shuka. Mu nan binne muke yi. Muna zuba iri cikin busasshen rairayi, mu rufe, mu jira sama. In ruwan fari ya zo kaɗan, yakan narkar da takin amma bai isa ya wanke shi ba. Sai ya zauna a kan ƙwayar ya ƙone ta. Inda na sa taki, rami huɗu cikin goma bai tsiro ba. Inda ban sa ba, ɗaya."

"To sai manomi ya daina binne."

"Ba zai daina ba, Dokta. Mai gona uku da hannu biyu ba zai jira ruwa ba. Littafin ne zai bi manomi."

Matashin malamin ya sunkuyar da kai yana gyara biro, na ga kafaɗarsa tana motsi. Baba na Yamai bai yi dariya ba. Ya cire gilashi.

"Me za ki ce wa manomin?"

"Ya riƙe takinsa sai noman fari."

Ya yi rubutu mai tsawo. Madam ta duba agogo. Ina cewa an gama, sai ya ɗago, ya bar Faransanci ya dawo Hausa, irin tamu ta gida.

"Gonar wa ce?"

"Ta mahaifina."

"A Filingue? Ɗiyar wa ce ke?"

Tambaya ce da ba a ƙin amsawa.

"Malam Alu Dogo. Na bayan masallacin yamma."

Fuskarsa ta tsaya cak. Na ɗauka rezo ne ya sake ɗaukewa, sai na ga ƙiftawar idonsa. A zauren Malam Alu Dogo ya zauna, ya ci, ya yi addu'a, ya ajiye goro. Idona da na riƙe rabin awa ya sauka ƙasa da kansa. Madam ta yi godiya, waya ta yi duhu.

Na daɗe zaune gaban turmi. Da na zagayo, Inna tana tsince wake daga ƙasa tana maidawa ƙwarya, ba ta dube ni ba. Baba na gindin darbejiya.

"Kin faɗa mishi?"

"Na faɗa, Baba."

"Yac ce mi?"

"Ya rubuta."

Baba ya yi wata ƴar dariya ta hanci. Rabon da in ji ta tun shekarar da rumbu biyu suka cika.

Alhamis da hantsi saƙo ya shigo. Mutum huɗu aka ware, sunana ne na farko. Litinin ƙarfe tara a Yamai, gaba da gaba, a zo da ainihin takardu. Safiya ta rangaɗa guɗa a tsakar gidanmu har Gwaggo Hawa ta shigo ba mayafi tana tambayar ko haihuwa aka yi. Ba zan ɓoye muku ba, ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na je meri, ofishin magajin gari, aka buga wa takarduna hatimi, na biya tasha na kama wurin gaba a motar Lahadi, na kira ƴar Gwaggo a Yamai ta gyara mini shimfiɗa. Safiya har ta fara sabon darasi, yadda ake shiga ɗaki, yadda ake zama, kada in durƙusa, kada in cire takalmi a bakin ƙofa. Inna tana jinmu. Sai cewa ta yi, ba ta dubi kowa ba, a sa shuɗiyar atamfar cikin jaka kada a manta.

Bayan la'asar na ji moto ta tsaya. Ibrah bai aiko a kira ni ba, wajen Baba ya shiga. Jim kaɗan Baba ya ɗaga murya.

"Nasiba."

Na shiga zaure na zauna daga gefe. Inna tana bayan ƙyaure, ina ganin bakin zanenta. Ibrah ya sa wankakkiyar shadda, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ajiye waya tsakiyar tabarma.

"Baba na Yamai ya aiko da saƙo. Ya ce kowa ya ji."

Ya danna. Muryar ta cika zauren. Ya gai da Baba, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, bai yi sauri ba. Sannan ya ce:

"Malam Alu, ka yi tarbiyya. Makin da na ba ɗiyarka na rubuta shi tun ban san ko ɗiyar wa ce ba, kuma ban taɓa ba wani ɗalibi irinsa ba. Na faɗa wa shugabanni abin da ke tsakaninmu. Ran Litinin ba ni zama cikin masu tambaya. Yarinyar ga ta yi gaskiya. Littafina na son gyara, kuma ita nike so ta gyara shi."

 Baba ya gyara zama. Bakin zanen Inna ya motsa.

"Sai dai akwai doka. Aikin gero ni kaɗai ke riƙe da shi a cibiyar. Kuma malami ba ya riƙe aikin wadda ke gidansa, ko wadda anka yi wa alkawarin shiga gidansa. Ba ni yin dabara in ce a ɗaga biki a ɓoye magana, ban saba ba. In goro na nan, sai ta bar geron, a ba ta wani malami, ta koma aikin shinkafa a bakin kogi. In geron take so, sai a maido mini gorona a gaban waɗanda sunka shaida. Shekara biyu ba alkawari tsakanin gidajenmu. Bayan nan wanda ke so ya sake sallama. Ran Litinin za su tambaye ta aikin da ta zaɓa. Ku yi shawara. Allah ya sa mu dace."

Waya ta yi shiru.

Shinkafa. Ni da ban taɓa taka fadamar kogi ba.

Baba yana jan carbi. Ibrah ya kife wayar, ya zuba wa tabarma ido. Na san abin da kowa ke jira. In sunkuyar da kai in ce duk yadda Baba ya yanke. Haka ake yi, kuma da makon jiya ne haka zan yi.

Na ɗago. A gaban ubana, Inna tana ji, na dube shi sosai, irin duban da aka koya mini da ƙyar.

"Ibrah. In anka maida goron ga, za ka sake kawo shi?"